Yadda ake huda gogaggen dutsen ado ba tare da ya fashe ko ya ɓantare ba

Wani matashi da ke zaune a wani ƙauye a ƙasar Ringim, mai haɗa sarƙoƙin wuya da carbi yana kaiwa kasuwannin ƙauye, ya aiko da tambaya. Ya ce ya sayo gogaggun duwatsu masu sheƙi a Kasuwar Kurmi, jajaye da masu ruwan toka da masu zane-zane, yana so ya huda su ya rataya a sarƙa. Ya ari injin huda na kafinta da tsinken da ake huda bango da shi. A dutse na farko tsinken ya yi ta zamewa har ya kakkarce fuskarsa, na biyu ya rabe gida biyu, na uku ya hudu amma bayansa ya ɓantare. Tambayarsa ita ce: laifin injin ne, ko na dutsen, ko hannunsa ne bai iya ba?

Ƙanena, Allah ya sa wa sana'ar albarka. Hannunka ba shi da laifi, dutsen ma haka. Ka tunkari dutse ne da kayan aikin katako da na bulo, kuma ka huda shi a bushe. Waɗannan abubuwa biyu su suka jawo maka asarar nan gaba ɗaya.

Abin da nake so ka fara riƙewa shi ne, tsinken huda dutse ba ya yanka komai. Tsinken kafinta yana da kaifi, yana feƙe katako yana fitar da ɓawonsa. Tsinken bango yana da ɗan ƙarfe mai tauri a baki wanda ba shi da kaifi, an yi shi ne domin ya dinga dukan siminti yana farfasa shi. Shi kuwa dutsen ado, niƙa shi ake yi, kamar yadda ake niƙa hatsi a kan dutsen niƙa: kaɗan-kaɗan, gari yana fita, ana share shi, ana ci gaba. Duk wata dabara da zan faɗa maka a ƙasa daga nan ta fito. Wanda ya danna da ƙarfi don ya yi sauri, ya bar niƙa ya koma fasawa, kuma dutse mai tauri ba ya fashewa a inda kake so.

Masana duwatsu suna da ma'aunin tauri wanda wani Bajamushe, Friedrich Mohs, ya tsara a 1812, daga 1 zuwa 10. Dutsen da ke sama yana karce na ƙasa da shi, na ƙasa ba ya iya karce na sama. Marmara, wato mabul ɗin da ake shimfiɗawa a daɓen gidaje, tana kan 3. Gilashin taga da bakin wuƙa suna wajen 5.5, magagari mai kyau wajen 6.5. Aƙiƙ da jasfa da jan dutsen da iyayenmu mata ke kira tsakiya suna tsakanin 6.5 da 7, dutsen ƙanƙara da amatis 7, tofaz 8, safaya da yakutu 9, daimon 10. Daga yadda ka siffanta duwatsunka, dangin aƙiƙ ne da jasfa, wato sun fi ƙarfen kafinta tauri. Kana iya tabbatarwa da kanka: ɗauki ɓallen wanda ya fashe ka ja shi a jikin kwalba. In ya bar zane a kwalbar, to tsinken ƙarfe ba zai yi masa komai ba. In kuwa bakin wuƙa ya karce shi cikin sauƙi, dutse ne mai laushi, aikinsa ya fi sauri amma ya fi son lallashi.

Saboda haka abin da za ka nema shi ne tsinken daimon. Kada sunan ya tsorata ka, ba kayan masu kuɗi ba ne. Siririn ƙarfe ne da aka manna wa garin daimon na masana'anta a baki, ana sayar da shi a ƙunshi. Ka tambaya a wurin masu sayar da kayan aikin maƙeran zinariya da azurfa a cikin birnin Kano, ko masu kayan aikin gilas da tayil a Sabon Gari. Iri biyu ne ta fuskar ƙira. Akwai curarre, wanda ba shi da rami a ciki, daga milimita 1 zuwa 3, shi ne na hudar rataya. Akwai mai kama da bututu, wanda ke niƙa zagaye ya bar ɗan guntun dutse a cikinsa, shi ya fi dacewa da huda daga milimita 3 zuwa sama, domin abin da yake niƙawa kaɗan ne kuma ruwa yana shiga cikinsa. Ga mai farawa, ina ba da shawarar milimita 2. Na milimita 1 yana lanƙwashewa ko ya karye da zarar hannu ya ɗan karkace, kuma in ya karye a cikin ramin, fitar da shi wani aiki ne. Ka haɗa da tsinke guda mai dunƙulallen kai, zagayayye, za ka ga amfaninsa sau biyu.

Ta fuskar yadda aka ɗora daimon ɗin ma iri biyu ne. Masu araha, shafi ɗaya ne na daimon da aka riƙe da wani farin ƙarfe mai suna nikel a jikin tsinken. Da shafin ya goge, tsinken ya mutu, ko da kuwa a ido yana nan kamar sabo. A kan aƙiƙ, irin wannan tsinke 'yan hudoji yake yi ya gaji, don haka ka saya da yawa, kada ka yi tsammanin guda ɗaya zai kai ka shekara. Masu tsada kuma an cakuɗa daimon ɗin ne da garin ƙarfe aka gasa, duk kan tsinken daimon ne har ciki, yana cinyewa sabon daimon yana bayyana. In irin wannan ya dakushe, sai ka ɗan huda tsohon dutsen wasa wuƙa na inji da shi, ya buɗe. Ka fara da masu araha har hannunka ya faɗa.

Batun inji, na kafinta ya yi nauyi, kuma bakinsa sau da yawa ba ya riƙe siririn tsinke daidai. Ka saka tsinken ka kunna ka duba bakinsa da kyau. In ka ga yana rawa, yana zana da'ira a iska maimakon ya tsaya cak, wannan rawar ita ce za ta faɗaɗa ramin ta ɓantare gefensa ta kuma goge daimon ɗin. Ƙaramin injin hannu irin Dremel da makamantansa shi ake amfani da shi, kuma ka bar shi a ƙaramin gudu, wajen juyi 5,000 zuwa 10,000 a minti, kada ka kai shi ƙurewa. Tunda a ƙauye kake, inda wuta sai an ga dama, ƙaramin inji mai aiki da batir mai ƙarfin bolt 12 ya fi maka, kana iya cajinsa da sola. Har injin gyaran farce na masu kwalliya yana karɓar tsinke mai gindin milimita 2.35, kuma yana huda ƙananan duwatsu in ba a matsa masa ba. In dole ne ka yi aiki da injin kafinta, ka tabbata ka kashe masa bugun nan irin na guduma, ka bar juyi kawai.

Akwai wani dalilin da ya sa na fi son mai batir, kuma ya fi dalilin rashin wuta muhimmanci. Aikin nan a cikin ruwa ake yin sa. Inji mai jone da janareta ko wutar gari, ga jiƙaƙƙen hannu, ga mutum zaune a ƙasa ba takalmi, haɗari ne na rai. In da mai waya za ka yi aiki, ka rataye injin a sama ka yi amfani da doguwar igiyar nan mai juyawa da ake jona masa, ka nisanta soket daga ruwa, ka sa takalmin roba, ka goge hannu kafin ka taɓa makunni.

Yanzu ruwa. Ka samo 'yar roba mai faɗi marar zurfi, ka ajiye guntun katako a ciki, ka ɗora dutsen a kai, ka zuba ruwa har ya rufe dutsen da kamar milimita 2 ko 3. Bakin tsinken kaɗai ke shiga ruwa, jikin injin yana sama. Ruwan yana yin aiki uku. Yana sanyaya tsinken, domin zafi shi ke sassauta nikel ɗin da ke riƙe da daimon, cikin daƙiƙoƙi kaɗan na huda a bushe sai ka mayar da sabon tsinke sandar ƙarfe. Yana sanyaya dutsen, domin in wuri ɗaya ya yi zafi sauran jikin yana da sanyi, tsaga ce ke biyo baya, kuma ina kyautata zaton abin da ya raba dutsenka na biyu ke nan, haɗe da dannawa. Na uku, yana wanke garin da aka niƙa. In dutsen ya yi girma ba zai nutse ba, ka yi masa ɗan ganuwa da yumɓu ko kakin zuma a kewayen inda za ka huda ka cika da ruwa, ko ka sayi sabuwar robar ƙarin ruwa a kemis ka rataye gora tana ɗiga a kan ramin. Ɗigon sabulu guda a cikin ruwan yana taimaka masa shiga siririn rami. Ruwa ya fi mai, domin mai yana shiga jikin wasu duwatsun ya canja musu launi.

Kafin ka kunna inji, ka duba dutsen. Ka haska shi da fitilar waya daga baya, ka juya shi. Za ka ga wasu layuka a ciki, wasu zanen halittar dutsen ne, wasu kuwa tsaga ce. Tsaga tana ƙyalli in haske ya bi ta kanta, kuma in ka jiƙa dutsen ka goge, ita ce ke daɗewa da danshi. Kada ka huda a kanta ko kusa da ita. Ka bar aƙalla milimita 3 tsakanin bakin ramin da gefen dutsen, in da hali ka ƙara. Masu farawa suna son matsar da hudar can gefe don zoben rataya ya shiga da sauƙi, sai siririn da ya rage ya karye ko a wurin huda ko bayan wata ɗaya a wuyan mai saye, wanda ya fi muni. Zobe mai ɗan faɗi ya fi araha a kan dutse. Sannan ka gwada inda zai rataya a miƙe: ka kama dutsen da hantsaki a daidai wurin da ka zaɓa, ka ɗaga shi sako-sako, ka ga ko ya karkace.

Zamewar da ta kakkarce maka dutse na farko maganinta mai sauƙi ne. Gogaggen dutse santsi gare shi, tsinke ba shi da inda zai kama. Ka manna salatif ɗin takarda a fuska biyun, ka ɗiga alama da maka a kansa. Salatif ɗin yana ba tsinken wurin kamawa, in ma ya zame yana kare sheƙin dutsen. Sai ka ɗauko tsinken nan mai dunƙulallen kai ka yi ɗan gurbi a kan alamar, kamar rabin milimita. In ba ka da shi, ka kwantar da tsinken hudar a karkace, gefen bakinsa ya fara cin dutsen, da ya yi gurbi sai ka miƙar da shi a hankali yana juyawa. Ka kunna injin tukuna sannan ka sauke shi a kan dutse, kada ka ɗora shi ka kunna. Ka kafa gwiwar hannunka ko gefen tafinka a kan tebur.

Riƙon dutsen ma yana da muhimmanci. Mai faɗi kana iya danne shi da yatsu a kan katako. Mai zagaye ko mai tudu, ka ƙwaƙule masa gurbi a katakon, ka ɗiga masa kyandir ko kakin zuma ya zauna daram. In an gama, ruwan ɗumi yana sakin sa. Kada ka matse shi da filaya ko matsin ƙarfe ba tare da fata ko roba a tsakani ba.

Hudar kanta ga yadda take. Ka sauke tsinken da nauyin da bai wuce na injin kansa ba, ka ƙirga biyu ko uku, ka ɗaga shi ya fito daga ramin yana juyawa, ruwa ya shiga, ka sake saukewa. Haka za ka yi ta yi har ƙarshe. Dalilin ɗagawar shi ne, ko dutsen yana nutse, ruwa ba ya isa ƙasan siririn rami matuƙar tsinke ya toshe shi. Garin sai ya taru ya zama taɓo, tsinken ya dinga juyawa a kan taɓon yana ɗaukar zafi ba ya cin komai. Idonka ya kasance a kan ruwan. Duk saukewa ya kamata ka ga farin gari yana tasowa daga ramin. Muddin yana tasowa, aiki yana tafiya, ko da kai ba ka ga ramin yana zurfi ba. In ya daina, ko ka ga baƙi-baƙi yana fita, ko ƙarar ta canja ta koma shewa, ka tsaya ka duba bakin tsinken. In ya yi sumul, ya gama aikinsa, ka canja shi. A daidai nan ne mutane ke ƙara dannawa, su fasa dutsen da suka kusa gamawa. Aƙiƙ mai kaurin milimita 5 yana iya cin minti 5 zuwa 15 gwargwadon tsinke da inji, wannan ba jinkiri ba ne, haka aikin yake. In ruwan ya yi kauri har ba ka ganin alama, ka canja shi.

Sai ɓantarewar baya, wadda ita ce ta fi ɓata wa mutane rai, domin tana zuwa ne a daƙiƙar ƙarshe. Yayin da tsinken ya kusa fita, abin da ya rage a ƙarƙashinsa ɗan siririn ɓawo ne wanda ba zai iya ɗaukar nauyin da ake ɗora masa ba. Maimakon a niƙe shi, sai ya ɓalle gaba ɗaya ya tafi da wani yanki na gogaggiyar fuskar. Dangin ƙanƙara da aƙiƙ sun fi kowa yin haka, ɓallensu mai faɗi ne irin na gilas.

Magani mafi inganci shi ne kada ka bar tsinken ya fita ta baya ko kaɗan. Ka auna kaurin dutsen, ka naɗa salatif a jikin tsinken a daidai rabi ko kashi biyu cikin uku na kaurin. Da ka kai alamar, ka juya dutsen, ka fara sabuwar huda daga ɗaya fuskar, ramukan biyu su haɗu a ciki. Ko an samu ɓantarewa, a tsakiyar dutse za ta faru inda ba mai gani, fuska biyun kuwa kowace tana da baki mai tsabta. Wahalar ita ce saita su su haɗu. In dutsen yana wuce haske, ka haska shi ka ga inuwar ramin farko ka yi alama a kanta. In ba ya wucewa, ka shafa wa bakin hantsaki tawada ka kama dutsen, zai bar ɗigo biyu masu fuskantar juna, amma ka yi haka tun kafin ka fara huda.

Ga wanda zai mayar da wannan sana'a, akwai dabarar da ta fi wannan, kuma kafintan da ya ara maka inji zai iya haɗa maka ita. A kafa injin a tsaye a jikin katako, a ɗora katakon a kan ƙarfen zamiya irin na durowa, yadda zai sauka ya hau a miƙe ba karkata. Sai ka sauke tsinke ka huda katakon da ke cikin robar ruwan, ba tare da ka motsa shi ba ka soka guntun ƙusa ko karyayyen tsinke mai kauri ɗaya da hudar a ramin, kansa ya leƙo kamar milimita 1 ko 2. Yanzu ƙusar tana daidai ƙarƙashin tsinke. In ka huda rabin dutse a kan wani katakon, sai ka kife shi ka zaunar da ramin a kan ƙusar, duk inda tsinke ya sauka daidai yake da ramin farko. Sharaɗin kawai shi ne robar da katakon su kasance a kafe.

In dutsen siriri ne ƙwarai, bai kai a juya shi ba, ka manna bayansa da kaki a jikin guntun gilas ko tayil, yadda ba sarari a tsakaninsu, ka huda har tsinken ya taɓa gilas ɗin. Da ka ji ka kusa, ka rage nauyin hannu har ya zama tsinken shafar dutsen kawai yake yi.

Huda ta fita ba ta nufin an gama. Bakin sabon rami yana da kaifi, yana cin zare yana kuma ci gaba da gutsurewa. Ka koma ga tsinke mai dunƙulallen kai wanda ya ɗan fi ramin girma, ka taɓa bakin ramin da shi ta kowace fuska na 'yan daƙiƙoƙi a cikin ruwa, ya kashe kaifin. Wannan ɗan aikin shi ke bambanta hudar gwani da ta ɗan koyo, kuma yana ɓoye ƙananan gutsurewa. In ramukan biyu sun haɗu da ɗan tudu a ciki, ka zura tsinke mai tsini ka daidaita. Don cikin ramin ya yi santsi, ka shafa wa zare mai ƙarfi man niƙa bawul na makanikai, ka zura ka yi ta ja gaba da baya, sannan ka wanke da sabulu.

Wannan man na makanikai yana da wani amfanin da ya kamata ka sani, domin ranar da tsinken daimon ya ƙare maka kana ƙauye. Garin da ke cikinsa yawanci silikon kabaid ne, taurinsa ya haura 9. In ka saka guntun wayar jan ƙarfe mai kauri, miƙaƙƙiya, a bakin injin, ka dinga ɗiga man a ramin kana ɗagawa kana saukewa a ƙaramin gudu, garin zai maƙale a jikin jan ƙarfen ya niƙa dutsen. Yana da jinkiri sosai, wayar tana cinyewa, amma hudar tana fita da kyau. Mutanen da ma ba da injin lantarki suka yi ta huda duwatsu ba. A Khambhat da ke jihar Gujarat ta Indiya, inda aka daɗe ana yin jajayen duwatsun da fatake ke kawowa Afirka, da baka da igiya ake juya tsinke mai ƙwayar daimon a baki, ruwa yana ɗiga daga tukunya, kuma daga ɓangare biyu suke hudawa. A Ilorin, masu yin duwatsun lantana, waɗanda fataken Hausawa ke kai musu ɗanyen dutsen, da siririn ƙarfe da 'yar guduma suke ƙwanƙwasawa a hankali suna juya dutsen. In ka samu tsohuwar tsakiya a kayan kakarka, ka leƙa raminta, sau da yawa za ka ga inda huda biyu suka haɗu.

Akwai duwatsun da nake ba ka shawara ka bar su. Tofaz, irin wanda ake samu a tsaunukan Jos, yana da wata fuska a halittarsa da yake rabewa ta kanta sumul, ɗan zafi ko dannawa ya isa. Zumurrudu cike yake da tsaga a ciki. Safaya irin ta Mambila ta yi tauri da tsada da za a koyi huda a kanta. Waɗannan maƙerin azurfa ake kai wa ya yi musu gida. Tsakuwar dutsen da ke kewaye da Dutse da Birnin Kudu tana gogewa ta yi kyau, tana kuma huduwa, sai dai haɗin ƙwayoyi ne masu tauri daban-daban, tsinke yana son karkata zuwa mai laushi, ƙwaya tana iya fita a bakin rami, don haka ka ƙara nisa da gefe. Murjani na gaske laushi gare shi, tsakanin 3 da 4, ko siririn tsinken ƙarfe yana huda shi, amma ba ya son zafi. Kuma kada ka yi mamaki in ka huda aƙiƙ shuɗi shar ko kore shar ka ga cikinsa ya fi haske, da yawansu rina su ake yi.

Batun carbi kuwa, gaskiya ita ce ba za ka iya gasa da masana'antu ba. Suna huda ƙwayoyi da injuna masu aiki da girgiza mai saurin gaske da garin niƙa, cikin ɗan lokaci kuma a miƙe. Ƙwaya 99 da hannu, kuɗin tsinke kaɗai zai cinye ribar. Ka sayi hudaddu, ka ajiye ƙarfinka ga abin da ba a samu a kasuwa: dutsen rataya guda a tsakiyar sarƙa, 'yan kunne, doguwar ƙwayar kan carbi, da faɗaɗa ramin ƙwayoyin da zare ya ƙi shiga. Wani dutsen ma ba ya buƙatar huda ta fita. Ka huda shi daga sama zurfin milimita 4 ko 5, ka wanke ramin ya bushe sarai, ka soka 'yar waya mai zobe a kai da gam mai haɗi biyu irin Araldite, ka bar shi ya kwana. Ba ɓantarewar baya, fuskar dutsen kuma ba a taɓa ta ba. Sufa-gulu ba ya jure wannan aikin, yana ƙanƙamewa ya saki.

Ƙanena, akwai magana guda da nake roƙonka kada ka ɗauke ta da wasa. Garin aƙiƙ da ƙanƙara silika ne, wato sinadarin da ke cikin yashi. In ya bushe ya tashi aka shaƙe shi, yana zama a huhu ba ya fita, yana jawo ciwon da likitoci ke kira silikosis, wanda ba a warkar da shi. Masu goge aƙiƙ a bushe a Khambhat ɗin nan da na ambata da yawa wannan ciwo ya kashe su. Huda a cikin ruwa tana kare ka, amma taɓon da ya rage in ka watsar a tsakar gida, rana za ta busar da shi, a share da tsintsiya, yara su shaƙa. Ka haƙa ɗan rami a bayan gida ka zuba shi yana jiƙe ka rufe, ka goge tebur da jiƙaƙƙen tsumma. Ka sa tabarau, domin karyayyen tsinke yana tsalle. Kuma duk dutsen da aka kawo maka daga ramin haƙar ma'adinai wanda ba ka san shi ba, musamman mai nauyi mai ƙyallin ƙarfe irin dutsen kwalli, kada ka niƙa shi a gida. A 2010 a Zamfara, garin duwatsu masu dalma da aka dinga niƙawa a cikin gidaje ya kashe yara sama da 400.

Ka fara koyo a kan fasassun kwalabe masu kauri da tsakuwar rafi, har sai ka yi huda goma a jere ba ɓantarewa, sannan ka taɓa kayan sayarwa. Bayan kowane aiki ka busar da tsinkayen da bakin injin don tsatsa. In ka zo sa farashi, ka lissafa kuɗin tsinke da na dutsen da zai fashe lokaci-lokaci, domin ko gwani yana gamuwa da ɓoyayyiyar tsaga. In mutane suka ji kana huda dutse, mata za su fara kawo maka nasu, har da na gado. Ka haska dutsen a gaban mai shi, ka nuna mata duk tsagar da ka gani, ka gaya mata a fili cewa yana iya fashewa, ku yi magana a kan haka kafin ka karɓa. Wanda ka ga tsagarsa ta ratsa inda za a huda, ka mayar mata da shi ka ce a kai wa maƙeri ya ɗaure shi da azurfa.